Dokar da na kafa bayan an gama tsere

'Yan'uwa matasa, yau laifina zan faɗa muku.

Shekarun baya na shirya wa yaranmu tseren keke a wani fili da ke bayan gari a Jabo, ƙasar Tambuwal. Kyautar kuwa fitila ce mai caji. Wani yaro maraya, mai taya wani mai gyaran keke aiki, ya bar kowa a baya, har da ɗan yayata da na tabbata shi zai ci. Da muka duba kekensa, sai muka ga ya cire hannuwan feda, wato ƙarafan nan biyu da feda ke maƙale a jikinsu, ya sa gajeru na keken yara. Nan take na ce wannan maguɗi ne, na miƙa wa ɗan yayata fitilar.

Yaron bai yi gardama ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baba Fasto, ai ba ku faɗa ba tun farko." Daga ranar ya daina zuwa cikinmu.

Daga baya na karanta labarin masu tsere da keke mai ƙafa ɗaya, waɗanda suka fara gasarsu ta duniya, Unicon, a Amurka a 1984. Kekensu na tsere ba shi da sarƙa, ba shi da giya. Feda ta zagaya sau ɗaya, taya ta zagaya sau ɗaya. Idan hannun feda gajere ne, da'irar da ƙafar mutum za ta yi ƙarama ce, sai ya riƙa juyawa da sauri, ko da yake tashi da hawan tudu za su yi masa nauyi. Saboda haka hukumarsu ta rubuta cewa a tseren fili na taya mai inci 24, kada hannun feda ya gaza milimita 125. Sukan zauna su yi muhawara su gyara dokokinsu, amma kafin gasa, ba bayan wani ya ci ba.

Ashe yaron nan da kansa ya gano abin da manya suka zauna suka yi wa doka. Basira ce na kira maguɗi, domin nawa ne ya faɗi. Da ɗan yayata ne ya yi dabarar, da yabonsa zan yi.

Sai da na yi wata uku kafin na iya zuwa rumfar da yake aiki. Na kai masa sabuwar fitila, na roƙi gafararsa a gaban maigidansa. Ya karɓa, ya ce ba komai. Amma har yau bai dawo ba, kuma ba na ganin laifinsa.

Watarana za a ba ku alƙalanci, ko a filin ƙwallo, ko a gida tsakanin ƙannenku. Ku faɗi doka kafin a busa usur. Idan kuka ga ta gaza, ku gyara ta don gobe, amma wanda ya ci yau a ba shi abinsa, ko da naku ne ya zo na biyu.

Allah ya ba mu zuciyar adalci. Amin.