Ƙasar Kazaure: Kowane Lokaci Da Irin Wasansa

Da yawa daga cikinmu idan aka ce a fitar da yara su sha iska, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne kuɗin mota zuwa Kano, da kuɗin shiga gidan zu, da na lilo da lemo. Da mun lissafa sai mu ce a bari sai da sallah. Daga nan sai yaro ya ƙare a ɗaka, ido a kan waya ko talabijin, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 a kullum, babba kuma aƙalla minti 150 a mako. To a wannan wata biyo ni ƙasar Kazaure ta jihar Jigawa, ki ga yadda ake samun wannan ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba.

Idan kika taso daga Kano ta hanyar Daura, kika wuce Dambatta, abin da zai fara yi miki maraba shi ne duwatsu da tuddan Kazaure, sannan ga dam ɗin garin, wato madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba. Masarautar ta haɗa ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, inda garin Achilafiya yake, ga kuma Babura a maƙwabta. Ƙasa ce ta noma mai yalwar fili, kuma filin nan shi ne dandalin yara. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: kowane lokaci yana zuwa da wasansa, yana kuma zuwa da haɗarinsa, aikin uwa ne ta san duka biyun.

Mu fara da damina. Duwatsun Kazaure da na Roni sukan yi kore shar, iska ta yi daɗi, kuma babu lokacin da ya fi wannan dacewa maigida ya kwashi yara su hau tudu da yamma su hango gari. Rairayi ya jiƙe, 'yan mata su zana 'yar gala-gala, ƙanana su gina ɗakin ƙasa. Amma a nan ne kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suke cika, ba a kuma ganin zurfinsu daga sama. Ki kafa doka: bakin dam wurin kallo ne tare da babba, ba wurin wanka ba. Bayan nutsewa akwai tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwan kwance ta shiga ta fata. Idan kika ga jini a fitsarin yaro kada ki ɗauka alamar balaga ce, cuta ce mai magani, a kai shi asibiti.

Da an yanke gero da dawa, kaka ta kama, gonaki sun zama fili. Tun kaka da kakanni wannan ne lokacin kokawa da dambe a ƙasar Hausa, domin ciki ya cika, aiki ya yi sauƙi. Ga yara kuwa lokacin langa ne, wasan da ba ya bukatar komai sai ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a hannu. Kada ki raina ta, domin langa da kokawa da dambe duk suna cikin wasannin gargajiya da ake karawa a gasar wasanni ta ƙasa. Ga kara a ko'ina, yaro ya ƙera motarsa da hannunsa. Abin lura shi ne takalmi, saboda tushiyar kara da ƙaya da kunama. Dambe kuma a bar wa masu shi.

Hunturu shi ne lokacin ƙwallo. Rana ba ta da zafi, yaro zai yi gudu bai galabaita ba, kuma ƙwallo ɗaya ta ishi unguwa guda. Tunda yawancin Islamiyyu ba sa karatu Alhamis da Juma'a, sai a ware yammacin ranakun nan, da sharaɗin kowa ya dawo kafin magariba. A shafe su da mai saboda faso da kaushi. Ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ya zauna a gida.

Bazara ce mai wuya, domin daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. A nan sai a sauya lokaci: da sassafe, ko bayan la'asar sakaliya, ko da farin wata a ƙofar gida. Da tsakar rana a koma inuwar darbejiya. 'Yan mata su yi carafke, maza su yi dara, ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wasan da ke koya wa yaro lissafi da haƙuri. Kada ruwan sha ya yi nisa da su. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kuwa ba na jira ba ne, lokacin sanƙarau ne.

Ke fa uwargida? Shara da wanke-wanke aiki ne, amma jiki yana son tafiya. Da izinin maigida, ki mayar da ziyarar 'yan uwa da barka da dubiya na kusa tafiyar ƙafa maimakon adaidaita. Minti 30 sau biyar a mako, kin cika 150 ɗin nan, kuma yana taimakawa wajen kare kai daga hawan jini da ciwon suga. A tsakar gida ma igiyar shanya ta isa ki yi tsalle tare da 'ya'yanki mata. Babu abin kunya a ciki, domin ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA).

Saboda haka kada tsoro ya sa ki kulle yaro, kada kuma gajiya ta sa ki sake shi. Ki san inda ya tafi, da wa ya tafi, da lokacin dawowarsa. Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya da imani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa. Wassalam.