Daga Tsibirin Sylt Zuwa Bakin Kogin Kaduna

Taron ilimi ne ya kai ni Jamus, rashin sani kuma ya kai ni bakin tekun masu tsiraici. A tsibirin Sylt na ga allo ɗauke da haruffa uku, FKK, na ɗauka sunan wata ƙungiya ce. Ina haura tudun yashi sai ga tsofaffi da matasa, maza da mata, zigidir, wani na karanta jarida, wata na cin tuffa. Tun 1920 aka keɓe musu wuri a tsibirin. Na yi salati na juya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba mai kallon wani. Ni mai kaftani da hula kaɗai aka ɗaga ido aka duba.

Har gobe ban yarda da al'adar ba, amma ta tuna mini da Nasarawa. Muna yara, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, ma'aikata kan gangara Kogin Kaduna su wanke gumi. Maza da gefensu, mata da nasu, mu yara kuwa tik muke faɗawa ruwa. In babba na wanka, mai wucewa kan sunkuyar da kai. Yaron da ya ƙura ido, ranƙwashi ne rabonsa.

Makon jiya na koma. Masu wanki da masu haƙar yashi suna nan. Wani dattijo ya fara tuɓe riga, ya hango samari biyu a kan gada sun ɗaga waya, sai ya mayar da ita, ya wanke ƙafafu kawai ya haura.