Gadar Ƴan Canji ta birnin Paris

Baƙon da ya tsallaka kogin Sen ta Pont-au-Change, ba tsohuwar gada yake takawa ba. An rushe waccan, aka gina sabuwa mai baka uku tsakanin 1858 da 1860, zamanin da Haussmann ke ta rusau a birnin. Sunan ne kawai ya tsira: tun ƙarni na 12 nan sarkin Faransa ya zaunar da ƴan canjin kuɗi.

Mai son ganin tsohuwar sai ya nemi zanen Charles Meryon na 1854. Tsohon hafsan sojan ruwa ne, idonsa ba ya rarrabe launi, don haka ya bar fenti ya kama farantin jan ƙarfe. A shafe farantin da kakin zuma, a zana da allura, ruwan asid ya ci layukan, kana a sa tawada a buga kan takarda.

Ga gadar ta miƙe bisa ruwa, ga hasumiyoyin fadar shari'a, ga mutane cikin kwale-kwale. A sama kuwa wani balan-balan ke tashi, an rubuta masa Speranza, wato fata da Italiyanci. Daga baya Meryon ya kankare shi, ya cika samaniya da tsuntsaye. Lokacin taɓin hankali ya fara cin sa, ga talauci, ko da yake Victor Hugo da Baudelaire sun yaba aikinsa.

Ya rasu a asibitin masu taɓin hankali na Charenton a 1868, yana da shekara 46.