Wasan Indiya Da Ya Kamata Iyaye Su Gani

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi magana bisa wani wasan Indiya, gama na ji dattawanmu na Gummi da Anka da Bukkuyum suna yi wa waɗannan wasanni kuɗin goro, wai dukansu ɓata yara suke yi.

Sunan wasan Dilwale Dulhania Le Jayenge, wanda Aditya Chopra ya shirya cikin 1995. Shah Rukh Khan shi ne saurayin, Raj, Kajol kuwa ita ce budurwar, Simran, dukansu haihuwar Indiyawan Landan. Suka haɗu a jirgin ƙasa, suka yi ta tsokanar juna har so ya shiga tsakani. Alhali kuwa uban yarinyar ya riga ya yi wa ɗan amininsa alkawarinta, can ƙasar Punjab. Raj ya bi su, ya ƙulla abota da ango, ya shiga hidimar bikin kamar ɗan gida, har da taya tsohon ba tantabaru hatsi da sassafe. Wurin nan akwai ban dariya ƙwarai.

Ga abin da ya kama hankalina. Uwar yarinyar da kanta ta ce su gudu, yaron ya ƙi, ya ce ba zai ɗauke ta ba sai da yardar ubanta. Ya sha duka, ya daure. A ƙarshe, a tashar jirgi, tsohon ya saki hannun 'yarsa da kansa.

Wasan bai rasa aibu ba. Ya zarce sa'a 3, waƙoƙi sun yi yawa, kuma rayuwar yarinyar duk ta rataya ga sauyin zuciyar mutum ɗaya. A ƙauyukanmu na san waɗanda aka ɗaura musu aure suna kuka, ba a yi shekara ba suka yi yaji, wasu ma suka shiga duniya.

Saboda haka ina kira ga samari su koyi haƙurin Raj, gama mai haƙuri shi kan dafa dutse. Iyaye kuma su riƙa tambayar 'ya'yansu kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, kada a jira sai ranar ɗaurin aure. Allah ya sa mu gane, amin.

Ni ne naka,
Mai karanta jaridarka, Gummi.