Giyar Mota Ba Ta Mutuwar Fuju'a

Mu huɗu ne a ajinmu da muke zuwa gareji ranakun Asabar da Lahadi da kuma lokacin hutu. Aikinmu bai wuce miƙa sifana, da wanke ƙarafa, da haska wa oga fitila a ƙarƙashin mota ba. Amma cikin shekara biyu mun lura da wani abu: babu maganar da ke sa mai mota ya yi tsit kamar a ce masa giyabos ne ya tafi. Idan direban haya ne, sai ka ga ya nemi benci ya zauna. Duk kwanan da motar ta yi a gareji kwana ne na rashin cefane. Biyu daga cikinmu 'ya'yan direbobi ne, mun san daga jikin wace taya kuɗin jarrabawarmu ke fitowa.

Bari mu fara da aikin giyar. Idan mota na kan hanya, injinta yakan juya sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Ita kuwa taya, ko ana gudun kilomita 100 a awa, juyinta bai wuce sau 800 da 'yan kai ba, kuma lokacin tashi daga tsaye take farawa. Giya ce ke sasanta su. Ku ɗauki faifai biyu masu haƙora, ƙarami mai haƙori 10, babba mai 30. Sai ƙaramin ya zagaya sau uku kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Sauri ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfi kuma ya ninka uku. Giya ta ɗaya ke nan, ta tashi da hawan tudu. Wanda ya taɓa hawan keke mai giya ya san wannan a cinyarsa. Ranar da malamin Fiziks ya zana faifan nan a allo, mu dai murmushi muka yi, domin mun sha wanke su da hannunmu.

Iyayenmu da yawa sun koyi tuƙi da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Ita direba ke taka kulochi ya sa giya da hannunsa. Yanzu kuwa titi ya cika da Corolla da Camry da Accord 'yan Kwatano, galibinsu otomatik. A irin waɗannan, man giya aiki uku yake yi. Yana hana ƙarafa gogar juna, yana kwashe zafi, sannan matsinsa ne ke sa giyar ta shiga. Idan man ya ragu ko ya ƙone, duk ukun sun samu matsala lokaci guda.

Abin mamaki, kusan kowane mai mota ya san lokacin juyen baƙin mai, amma tambayi wasu yaushe rabonsu da duba man giya, sai su ce ai tun da suka sayi motar ba ta taɓa ba su matsala ba. Alhali dubawar ba ta cin minti biyar a motar da ke da geji. A tsayar da ita a wuri mai daidai bayan ta ɗumama, a zaro gejin, a goga a farin ƙyalle. A yawancin motoci inji na kunne ake yi, a wasu kuma sai an kashe, littafin motar ne ke faɗa. Lafiyayyen mai galibi ja ne garau. Idan ya yi duhu yana ƙauri, ya gaji. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, ko daga kududdufin damina ko daga lagireto, kuma wannan ba ya jiran gobe.

Mai ma iri-iri ne. Akwai Dexron, akwai WS na Toyota, akwai na motocin da giyarsu ke aiki da bel, waɗanda ake kira CVT. Ba a zuba na wata a wata. Mun ga motar da aka zuba wa man da ake aunawa a robar ruwa a bakin titi don ya fi sauƙin kuɗi. Ba ta rufe wata biyu ba mai ita ya tafi Ƙofar Ruwa neman giyabos 'yar Baljiyam. Araha ba ta ado.

Kafin a kai ga haka, giya tana yin magana. A sa ta a D, ta yi jim kafin ta kama. Ta riƙa fizga idan za ta canja. A taka totur inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba. A wayi gari a ga ɗigon jan mai a inda motar ta kwana. A mai kulochi kuma, za a ji gurza lokacin sa giya, ko giyar ta riƙa fita da kanta. Wanda ya zo gareji a wannan matakin, sau da yawa juyen mai da sabuwar matata, ko canjin robar da ke yoyo, sun ishe shi. Wanda ya ce bari a gama sati, shi ne yakan zo da motar a kan babbar mota.

Akwai kuma halayen da ke cin giya a hankali. Sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. Ɗora ƙafa a kan kulochi ana tafiya, har faifansa ya cinye. Lodin da ya fi ƙarfin mota a zafin bazara. Sai jan otomatik da igiya tafiya mai nisa: inji a kashe yake, famfon mai ba ya aiki, ƙarafan ciki suna juyawa a bushe.

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mu ake sa wa wankin mota da safe kafin mu tafi makaranta. Gobe idan kun ɗauki bokiti, ku fara durƙusawa ku leƙa ƙasa. Idan kun ga ɗigo, ku dangwala da takarda ku duba launinsa. In ja ne, ku same shi cikin ladabi ku ce, "Baba, ga abin da na gani a ƙarƙashin mota, ko za a biya wajen bakanike kafin a ɗauki hanya?" Mai yiwuwa ya yi dariya ya ce yaushe kuka zama kanikawa. Ku dai miƙa masa takardar.