Kunnen da ke jikin injin mota

Jama'a, ni gyaran waya na sani. Amma kwanaki abokina makanike ya miƙo min wata 'yar sensa da ya kwance daga jikin injin Golf GTI, ya ce in auna masa. Ashe piezo ne a ciki, irin wanda ke ƙara a tsofaffin wayoyi, sai dai wannan saurare yake yi.

Idan ragowar fetur ya fashe da kansa a cikin silinda bayan fulogi ya kunna, jikin injin yakan yi wata ƙara siririya, wajen kilohaz 6 zuwa 8. Piezo ya mayar da ita lantarki, ƙwaƙwalwar motar ta tace, a daidai lokacin da wutar ke ci kawai, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi. Ƙarfi ya ragu, inji ya tsira.

Shi mai motar an ƙara masa ƙarfin turbo, ga man 'yan bumburutu yana zubawa. Da mota ta daina ja, wai sensa ce ta lalace. Na ɗora mita, na ƙwanƙwasa ta da sukudireba, lamba ta motsa. Lafiyarta ƙalau.

Bai yarda ba. Ya je wani wuri aka toshe mata kunne a manhaja. Sati uku, fistin ya huje.