Mawaƙan Rumfar Aski

Na fara jin irin waƙan nan ne a wani tsohon faifan garmaho da na tarar cikin kabad, ran da aka sa mu share ɗakin taro. Maza huɗu ne, ba ganga, ba molo, ba kome sai maƙogwaronsu. Idan suka zo ƙarshen baiti suka riƙe murya, sai ka ji wata siririyar murya ta biyar tana yawo a bisa kansu, alhali kuwa ba wanda ke yin ta. Kai, ran nan sau shida na mai da allura baya!

Ban bar abin ya wuce ba. Na rarrashi 'yan ɗakinmu uku muka gwada. Tsarinsu shi ne, ɗaya yana jan waƙa, ɗaya yana bisa da shi da siririyar murya, ɗaya yana ƙasa da kakkaura, na huɗu kuwa aikinsa cike gurbin da sauran suka bari. Ni aka ba wannan, na kuwa ji haushi, don in ka ji shi shi kaɗai sai ka ce mutum ne ya ɓata hanya.

Da muka fara kama hanya, sai wani ɗan aji ɗaya da ke leƙenmu ta taga ya ce, "Yaya, waƙar su wa ke nan?" Na ce masa ta Turawan Amurka ce, na yi gaba abina. Daga baya na bi labarin, na ga ashe rabin gaskiya na faɗa wa yaron.

Ga yadda ƙungiyarsu ta tashi. A cikin 1938 wasu mutum biyu na birnin Tulsa, a jihar Oklahoma, suka haɗu a wani masauki a Kansas City. Ɗaya lauya ne, Owen C. Cash, ɗaya kuwa mai harkar kuɗi, Rupert Hall. Hira ta kai su ga kukan cewa rediyo na kashe waƙar da suka taso da ita. Da komawa gida suka aika wa abokai takarda. Ran 11 ga Afrilu, 1938, maza 26 suka hallara a kan soron Tulsa Club suka yi ta waƙa. A taro na uku sun kai wajen 150, har motoci suka cushe a titi don masu tsayawa saurare. Wani ɗan jarida ya buga labarin, nan da nan garuruwa suka shiga kafa rassa. Cash ya raɗa mata suna mai tsawon igiyar rijiya, da gangan, don ba'a ga ma'aikatun gwamnatin Roosevelt masu dogayen sunaye. Tun 2004 ake kiranta Barbershop Harmony Society.

To, amma su Cash ba su suka ƙago waƙar ba. A ƙarshen ƙarni na 19, baƙaƙen fatar Amurka ne suka fi kowa yin ta, a rumfunan aski da bakin titi, domin wuraren shaƙatawa da yawa a rufe suke gare su. Ko Louis Armstrong yana yaro ya yi ta a titunan New Orleans. Wani mai bincike, Lynn Abbott, shi ya tattara hujjojin a 1992.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na 1941. Wasu baƙaƙe huɗu, masu dakon kaya a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, suka ci gasar birnin New York. Da lokacin babbar gasa ya yi a St. Louis, aka ce ba za su shiga ba, saboda fatarsu. Watau an aro riga, an kuma hana mai ita shiga wurin biki. Tsohon gwamnan New York, Al Smith, ya fita daga ƙungiyar don fushi. Ba a buɗe wa baƙaƙe ƙofa ba sai 1963. A 2017 aka karrama mutanen nan huɗu, bayan duk sun riga mu gidan gaskiya. Mata kuwa sai 2018.

Da na karanta wannan, mako biyu ban je gwaji ba. Mai jan waƙarmu ya same ni a ɗakin karatu ya ce, "Kai da ka ce ta baƙaƙe ce, don me za ka bar musu ita kuma?" Na rasa amsa, na bi shi. Yaron nan ma na neme shi na gyara maganata, ga shi yanzu shi ke yi mana siririyar murya.

Muryar nan ta biyar sau ɗaya tak muka taɓa samunta, wata Alhamis bayan la'asar, ba ta kuwa fi ƙiftawar ido ba. Mai kakkaurar muryarmu zai gama bana. Duk wanda ya san maƙogwaronsa na iya sauka ƙasa, to, ya same mu a bayan ɗakin taro ran Alhamis.